Neman shawara: duk shekara ina rubuta buri, amma ba ya kaiwa watan Maris

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni matashi ne ɗan shekara 24, na gama karatu, ina da ɗan aikin da nake rufa wa kaina asiri da shi. Duk ƙarshen Disamba sai in zauna in cika takarda da abin da nake son yi: in koyi wata sana'a ta kwamfuta, in fara ajiye kuɗi, in riƙa motsa jiki, in rage danna waya, in riƙa karanta littattafai, in daina kaiwa tsakar dare ban kwanta ba. Makon farko da zafi-zafi nake yi, kafin Fabrairu ta ƙare kuwa ko inda takardar take ban sani ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in buɗe Facebook in ga tsararrakina, wannan ya buɗe kasuwanci, wancan ya yi aure, ni kuwa ina nan jiya i yau. Rashin zuciya ne gare ni, ko tsarin ne ban iya ba? Don Allah a taimaka mini da shawara.

Wani malamin makaranta:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, cire zancen rashin zuciya daga ranka. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Scranton ta Amurka, John Norcross, ya taɓa bibiyar mutum 200 da suka ɗauki ƙudurin sabuwar shekara. Bayan mako ɗaya kashi 77 cikin ɗari suna kan bakansu, bayan shekara biyu kuwa kashi 19 ne suka rage. Ka ga ba kai kaɗai ba ne. Amma kada wannan ya sa ka ce ɗaukar ƙuduri aikin banza ne, domin a wani bincikensa na 2002, bayan wata shida kashi 46 na waɗanda suka ƙudurta suna kan hanya, a cikin masu son canji da ba su ƙudurta ba kuwa kashi 4 kacal.

Na ƙirga abin da ka lissafo, shida ne. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle shida. Kowanne ɗaya daga cikinsu sai ya canza maka yadda kake tafiyar da yininka, kai kuma kana so su canza duka a safiyar 1 ga Janairu. Ɗauki ɗaya, in ya yi yawa biyu, sauran ka ajiye su zuwa tsakiyar shekara.

Sannan "in koyi sana'ar kwamfuta" fata ne kawai, ba a fara shi gobe da safe. Wace sana'a? Ƙarfe nawa? A ina za ka zauna? Wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya daɗe yana nuna cewa wanda ya yanke lokaci da wuri tun kafin ranar ya fi aikatawa a kan wanda ya tsaya ga niyya. Rubuta shi haka: "Idan na dawo daga aiki na huta, zan zauna a tebur in yi darasi na minti 30 kafin in taɓa waya." Minti 30 a kullum ya haura awa 180 a shekara. Mutum yana koyon abu na gaske a cikin wannan.

Wata uwa a cikinmu:
Ɗana, abin da Malam ya faɗa haka yake, bari in ƙara maka ɗaya, don shi na fi ganin yana kayar da yaranmu. An cika cewa kwana 21 ya isa abu ya zama jiki. Maganar ta samo asali ne daga wani likitan tiyatar gyaran jiki, Maxwell Maltz, wanda a 1960 ya ce majinyatansa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Ba gwajin koyon ɗabi'a ya yi ba. Da wata mai bincike, Phillippa Lally, da abokan aikinta a Landan suka gwada da mutum 96, sai suka ga tsaka-tsakin kwana 66 ne, wani kwana 18 ya ishe shi, wani sai an kai 254. Wato lokacin da kake jefar da takardarka a Fabrairu, lokacin ne abin bai gama kama jikinka ba, kuma haka ya kamata ya kasance.

Sun kuma gano cewa tsallake kwana ɗaya ba ya rushe ginin. Ranar da ka fasa, kada ka ce shi ke nan sai baɗi. Washegari ka koma, ko minti goma ne. Hadisi ya tabbata cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Wani mamba:
Ni shawarata ka wallafa burinka kowa ya gani. Kunyar jama'a za ta hana ka fasawa.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Yaya, a nan kam ban bi ka ba. Idan ka sanar, mutane suka yi ta sa maka albarka, sai zuciya ta ji kamar an riga an gama aikin. Ga masu baki kuma. Mai tambaya ya nemi mutum ɗaya mai gaya masa gaskiya, duk ƙarshen mako ya tambaye shi kwana nawa ya yi darasi.

Game da waya, "in rage danna waya" ba ya riƙuwa, don ba ka faɗi abin da za ka sa a gurbinta ba. A wani bincike da aka yi a Suwidin aka buga a 2020, da mutum sama da 1,000, masu ƙudurin fara wani abu sun kai kusan kashi 59 na nasara bayan shekara, masu ƙudurin daina wani abu kuwa kashi 47. In ka sa waya caji nesa da shimfiɗarka, ka ajiye littafi kusa da matashin kai, ka taɓa buri uku a lokaci guda: waya, karatu da barci. Ni da za ka tambaye ni, daga barcin zan ce ka fara, domin wanda bai samu awa bakwai ba, ba ya da ƙarfin cika alkawarin komai.

Wani ɗan kasuwa:
Ajiya ba ta jiran ragowa, don ba a taɓa ragewa. Ranar da kuɗi ya shigo hannunka ka cire kasonka, ko ɗaya bisa goma ne, ka kai shi asusun da ba ka da katinsa a aljihu. Su kuma na Facebook, ranar buɗe shago suke nuna maka, ba sa nuna bashin da ke kansu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zaɓi biyu: darasin zanen kwamfuta minti 30 bayan aiki, da ajiye waya ƙarfe goma na dare. Ajiyar kuɗin zan sa banki ya riƙa cirewa da kansa. Malam, in jira Janairu ko in fara yanzu?

Malamin makaranta:
Fara yau da daddare. Kwanakin da suka rage na Disamba ka ɗauke su na gwaji: in ka ga bayan aiki gajiya tana hana ka, ka mayar da darasin da asuba tun kafin shekara ta shigo. Ƙarshen Janairu ka dawo nan ka gaya mana kwana nawa ka samu, mu duba ko minti 30 ɗin ya yi maka daidai.