Me za mu kira hoton "dokumentari" da Hausa?

Jama'a, a taya ni. Ina shirya darasi kan hotunan da Dorothea Lange ta ɗauka a Amurka lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, sai kalmar "dokumentari" ta tsaya mini a wuya.

Ga irin hoton da nake nufi. Watan Maris na 1936 ne, a Nipomo ta jihar Kalifoniya, a sansanin 'yan ƙwadagon tsinkar koren wake da sanyi ya lalata wa amfanin gona. Wata uwa 'yar shekara 32 ta zuba tagumi a ƙarƙashin tanti, yara biyu sun kifa kai a kafaɗunta, jariri a cinya. Hukumar gwamnati mai sake tsugunar da manoma ce ta ɗauki Lange aikin. Da jaridar San Francisco News ta buga hotunan, aka aika abinci sansanin, amma kafin ya iso matar da 'ya'yanta sun yi gaba.

An ba ni "hoton tarihi". Ban karɓa ba. A wurinmu ne ya zama tarihi. Ranar da aka ɗauke shi, yunwar ranar ake son a gani.

"Hoton gaskiya" ya fi jan hankalina, har na rubuta shi, daga baya na soke. Lange ba ta tambayi matar sunanta ba. Sai a 1978 duniya ta san Florence Owens Thompson ce. Lange ta rubuta cewa iyalin sun sayar da tayoyin motarsu don su sayi abinci, 'ya'yan suka musanta. A 1939 kuma ta sa an goge babban yatsan matar da ya fito a gefen hoton. Wannan duka yana ci mini rai, don ina ƙaunar hoton, amma ba zan ɗora masa "gaskiya" kai tsaye ba.

Na tsaya kan "hoton shaida". Mai shaida ya je wurin, ya gani da idonsa, ya zo ya faɗa a gaban mutane don a yi hukunci. Kuma ana iya yi masa tambayoyi, ana iya kama shi da kuskure.

Wata 'yar'uwa ta ce za a ɗauka hoton katin shaida ake nufi. Na duba maganar, amma wancan ai fasfo kowa ke ce masa. Mai aikin kuma sai mu ce "mai ɗaukar hoton shaida". Malaman Hausa da masu kyamara, ya zauna muku a baki?