Filin ƙanƙara na biyu a jami'a: buƙata ko almubazzaranci?

Ɗan Auta: Salamu alaikum. Jiya na shiga Pegula Ice Arena, zauren wasan hoki na jami'ar Penn State da ke Amurka. Babban filin hoki na kan ƙanƙara yana ɗaukar mutum kusan 6,000, sai ga wani na biyu a gefe, wai na mutanen gari, kujerunsa 300 kacal. Ni dai na biyun nan almubazzaranci ne. 'Yan wasan jami'a ba a kan ƙanƙara suke kwana ba, in sun tashi a bar wa yaran gari.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, lissafa sa'o'in tukuna. Akwai ƙungiyar maza, akwai ta mata, kowacce da atisayenta, ga wasannin ƙarshen mako. Yamma, lokacin da yara suka taso daga makaranta, ita kowa ke rububi. In fili ɗaya ne, yaran gari sai dai asubar fari ko goman dare.

Ɗan Auta: To kuɗin wuta fa, Yaya? Ƙanƙara ba ta daskarewa da fatar baki.

Injiniya: Nan kam ka yi gaskiya. A cikin dabe bututai ne shimfiɗe, ruwan sanyi na zagayawa dare da rana. Ga na'urar tsotse laima, in ba ita hazo ya rufe fili, ga motar Zamboni mai gyara fuskar ƙanƙarar. Amma ɗakin inji ɗaya na iya ɗaukar fili biyu, kuma zafin da injin ke fitarwa ana dumama ruwa da shi.

Hajiya: Ku biyun kun tsallake wani abu. Terry Pegula, attajirin da wurin ke ɗauke da sunansa, ya ba da dala miliyan 88 a 2010, ya ƙara har ta kai miliyan 102, aka buɗe wurin a 2013. Gina wuri daban, riƙe shi daban. Hayar da ƙungiyoyin yara da masu koyon sulu a kan ƙanƙara ke biya tana cikin abin da ke rage wa jami'a nauyi. Ni damuwata ma iyayen da ba su da kuɗin hayar ne, balle na takalma da hular kwano.

Ɗan Auta: Ka ji ko, Yaya? Ashe "na mutanen gari" na masu hali ne.

Injiniya: Wannan rigimar farashi ce, ba ta zane ba. Jami'ar Jihar Arizona ma da ta buɗe nata zauren, Mullett Arena, a 2022, fili biyu ta yi.

Ɗan Auta: A hamadar Arizona? Hajiya, don Allah a nemo mana takardar kuɗin wutarsu.