Ni kaɗai ne bakina ya juya wa shayi mai kauri baya, ko akwai irina?

Ɗan_Jekadafari:
Salamu alaikum jama'a, da fatan an yini lafiya. Tambaya gare ni, kar ku ɗauke ta wasa don Allah. Duk wanda ya san ni a unguwarmu ya san ni da shayi mai kauri, irin wanda za a juye rabin gwangwanin Peak a zuba Milo cokali biyu manya, suga kuwa ba a ma ƙirgawa, in kawo biredi da bota in ɗora. A haka na taso, a haka na gama makaranta, a haka na yi aure. To yanzu na ɗan haura arba'in kuma abin ya juye gaba ɗaya, in na sha mai madara sai in ji ya gundure ni tun ban kai rabi ba, baki ya yi yauƙi, ciki ya kumbura ya yi ta ƙugi har azahar. Ruwan bunu da citta da ɗan kanumfari, suga rabin cokali, wanda da nake yi wa dattawa dariya a kanshi, shi ne yanzu in ban sha ba ban jin daidai. Uwargida har ta fara tambaya wai ko lafiyata ƙalau. Shin tsufa ne, ko wani ciwo ne ke tahowa, ko dai kowa haka yake yi? Waɗanda suka daɗe suna shan shayi ku faɗa min naku yadda ya kasance.

Bappa_Kumo:
Hhhhh Hamma ba tsufa ba ne, aljihu ne ya yi wa bakinka nasiha. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 rabin Gombe suka gano wai ashe madara tana ɓata musu ciki. Allah dai ya kawo sauƙi.

MaiShayinTasha:
Wa alaikumus salam. Ni sana'ata ce wannan, teburina yana wajen tasha, kuma tun ina yaron shago mai wanke kofuna nake kallon bakin mutane yana canjawa a gabana, don haka bari in faɗi abin da ido ya gani.

Yaro matashi, ɗan acaba ko mai keke ko mai dako, shi ba shayi ya zo sha ba, abinci ya zo ci. Zai ce maka "a yi kauri", ka sa madara ka sa Milo ko Bournvita ka sa suga, ya ce ƙara, ga indomi da ƙwai a gefe, wannan kofin shi zai riƙe shi har la'asar don bai san ko zai samu zaman cin tuwo ba. In ka ba shi ruwan bunu zagi ne. Amma mutumin nan dai, ka ba shi shekara goma sha, ya yi aure ana dafa mishi abin kari a gida, sai ka ga zuwan shi ya koma bayan isha'i kuma maganar ta canja, "ban baƙi, kar ka sa suga, miƙo min zan sa da kaina". Ya zauna ya riƙe kofi ɗaya ana hirar ƙwallo da siyasa har sha ɗaya. Kofin ya tashi daga abinci ya koma abin riƙewa a hannu.

Maganar Bappa kuma akwai gaskiya a ciki, ba duka zolaya ba ce. Da kaya suka tashi mutane da yawa sun koma rabin haɗi, ledar madara ɗaya a raba wa kofi biyu, wasu suka bar madarar ɗungurungum. Amma ga inda abin mamakin yake, akwai waɗanda na san yanzu sun samu, wani ya canja mashin wani ya buɗe shago, in na ce Alhaji yau a yi maka irin na da? sai ya ce a'a bar shi, ya yi min zaƙi da yawa. Ka ga aljihu ne ya fara, amma baki ne ya ƙarasa. Shi ya sa yanzu tukunya biyu nake ɗorawa, ɗaya ruwan zafi zalla na masu haɗi, ɗaya na dafa ganye da citta da kanumfari da masoro da na'a-na'a tun magariba tana kan garwashi, kuma wallahi ta biyun ce ke riga ƙarewa musamman in hunturu ya shigo. Lokacin da nake yaron shago wa zai dafa wannan ya sayar, sai dai maigidana ya dafa ɗan kaɗan don kanshi da tsofaffin direbobi.

Adda_Maman_Ilham:
Mu mata namu canjin ba ya ma jiran arba'in. Ni da cikin fari ko warin Lipton na ji daga ɗakin maƙwabta sai amai, ni da ba na iya karyawa sai da shi. Bayan na haihu kuma ban koma yadda nake ba, Goggo ce ta riƙa dafa min na kayan ƙamshi lokacin jego tare da kunun kanwa, daga nan na kama. Yanzu ni nake haɗa kayana, busasshiyar citta, kanumfari, kirfa, kimba kaɗan don tana da ƙarfi in ta yi yawa sai ta danne komai, in daka su sama-sama ba lukui ba in zuba a kwalba. In zan dafa sai ruwa ya tafasa da kayan tukuna, in sauke, sannan in jefa ganyen shayin ya ɗan jiƙa in tace. Masu barin ganye yana ta tafasa a kan wuta su ne ke cewa baƙin shayi ɗaci gare shi, alhali su suka ƙona shi. Ka faɗa wa uwargida ta kwantar da hankalinta Malam, ita ma tana nan tafe.

Nas_Tumfure:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce, zan ɗan tsawaita ku yi haƙuri.

Abin da ka faɗa yawancinshi ba ciwo ba ne. Yara sun fi manya son zaƙi kuma sun fi gudun ɗaci, haka halitta take, da mutum ya girma sai ya fara jure ɗaci har ya so shi, ka duba goro da gauta da miyar shuwaka wane yaro ne ke nemansu. Sannan harshe yana sabo, in ka rage suga ka dage na wasu makonni, adadin da kake sha da can sai ya koma yi maka yawa, abin da mai shayi ya gani a teburinshi kenan.

Kumburin ciki da ƙugi bayan madara kuma sananne ne. Akwai wani sinadari a hanji da ke narkar da sukarin cikin madara, jariri yana da shi sosai, amma a wajen mutane da yawa musamman nan Afirka ta Yamma yana raguwa in an girma, sai madarar ta wuce ba ta narke ba ta zama iska da murɗa, wani har gudawa. Fulani makiyaya da yawa nasu ba ya raguwa haka, shi ya sa za ka ga Bappa ya shanye ƙwaryar madara ko gezau, kai ka sha rabin gwangwani ka wuni kana zarya. Kindirmo ya fi sauƙi a ciki don tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin.

Rage sugan da ka yi alheri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce sugan da babba ke ƙarawa a abinci da abin sha kar ya wuce kimanin giram 50 a rana, wajen ƙaramin cokali 12 kenan, in an tsaya a 6 ya fi. To lissafa kofi mai kauri ɗaya, ga sugan da aka zuba ga wanda ke cikin Milo tun daga kamfani. Kuma don Allah masu ciwon suga a daina cewa na koma zuma ko mazarƙwaila, su ma suna ɗaga sugan jini.

Inda zan ce ka je a duba ka shi ne in canjin ya zo farat ɗaya tare da rama, ko rashin cin abinci, ko ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ko abinci na tsaya maka a wuya. Wasu magunguna ma suna canja ɗanɗano, kamar Flagyl yana sa baki ya yi ta ɗanɗanon ƙarfe, wanda kuma ya yi fama da korona a 2020 ya san yadda ƙamshi ke ɓacewa. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, sha ruwan bununka. Amma tunda ka haura arba'in gwajin suga da na hawan jini ba ya ɓaci.

Direban_Gembu:
Ni tafiya ce ta canja min baki. Da ban san wani shayi ba sai mai zare a jiki a tsoma a kofi. Da na fara ɗaukar kaya zuwa Mambilla, ka bi Kaltungo ka faɗa Numan ka wuce Jalingo, Bali, Serti, sannan ka fara hawan dutsen nan daga Mayo Selbe mota na kuka, sai ka tarar da wata duniya, sanyi da hazo da rana tsaka. A Kakara na fara ganin gonar shayi da idona, gajerun bishiyoyi an aske kansu daidai ƙugu layi-layi har iya ganinka, masu tsinka da kwando a baya suna cire toho da ganye biyu na sama kawai. Can ake yin ganyen shayin Highland. Wani ma'aikaci ne ya faɗa min koren shayi da baƙi duk itace ɗaya ne, baƙin ana murje ganyen ne a bar shi ya sha iska har ya yi duhu, koren kuma ana gasa shi ko a turara da wuri kafin ya canja. Tun daga nan in zan dawo sai na riƙo nawa, kuma ban sa mishi madara don ina son jin ganyen. Abin haushi mutum ya zauna a Gombe, Taraba na nan kusa da mu, amma a ce bai taɓa ɗanɗana na gida ba.

Kawu_Bolari:
Ku yaran yanzu komai sai kun mai da shi abin bincike. Ni na haura sittin kuma har gobe da madara nake sha, ba abin da ya canja, sai dai likita ya sa an rage min suga kuma ban yafe ba. Abin da ba ku sani ba shi ne mu da muna yara shayi ba na kowa ba ne, koko da ƙosai ko kunu ko ɗumame shi ne karin kumallo, shayi sai gidan ma'aikacin gwamnati ko na reluwe, ko in ba ka da lafiya a haɗa maka. Suga mai ƙwaya na St. Louis ƙirga shi ake yi, uwa ta kulle kwalin a kwaba. Madarar gari ta ƙaramar leda sai wajen 1993 Cowbell ta kawo ta, lokacin ko jiha ba a ba mu ba muna ƙarƙashin Bauchi, daga nan ne talaka ya samu sayen ta kofi ɗaya. Ku da kuka taso kuka tarar da ita a ko'ina dole ta gundure ku. Mu da muka yi marmarinta ba mu gaji ba tukuna.

Abba_Gwallameji:
Kawu ran ka ya daɗe, a yafe wa likita hhh. Ni nawa a juye yake, ina karatu a Bauchi, a gida ban damu da shayi ba sam, a nan ne abokai suka koya min na Buzaye. Ƙaramar buta a kan kurfoti, koren ganyen nan na Sin mai kama da ƙananan ƙwallaye, a dafa a yi ta ɗagawa ana zubawa daga buta zuwa ƙaramin gilas har kumfa ta tashi, ganye ɗaya a dafa shi sau uku, na fari ɗaci kamar me, na biyu da na'a-na'a, na uku ya zama ruwan zaƙi. Farkon sha na tofar, yanzu ni ne mai dafawa a majalisarmu. Matsalata ɗaya bacci, in na sha na fari bayan isha'i sai in ji kiran assalatu ido biyu. Anti Nas akwai dabara?

Nas_Tumfure:
Abba dabarar ita ce ka dawo da shi la'asar. Kafeyin, sinadarin da ke cikin ganyen mai hana bacci, yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinshi ya bar jiki, kuma na fari shi ya kwashe mafi yawa tunda ganye da yawa ne a ruwa kaɗan an daɗe ana tafasawa. In dole sai da dare to ka bar wa wasu na fari ka jira na uku, duk da shi kuma suga ne fal. Sannan kar a sha shi kan abinci nan take, yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga irin su wake da ganye, a ba da tazarar kamar awa ɗaya, wannan ya fi shafar mata masu ciki da masu ƙarancin jini.

Ɗan_Jekadafari:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Rama kam babu, tumbi ma nake ajiyewa, amma zan je gwajin in sha Allah. Adda kimba nawa kike sawa, kuma ɗanyar citta ba ta yi ne?

Adda_Maman_Ilham:
Tana yi mana, ta ma fi ƙamshi, sai dai ba ta ajiyuwa a kwalba, ita sai za ka dafa ka kankare ka daddaka ka jefa. Kimba kuwa a butar mutum huɗu sili ɗaya ya isa, ka ɗan fasa shi ka zubar da ƴaƴan cikin don su ne masu ɗaci.