Wace kalma za mu sa a madadin "fidbak" a gasar hotuna?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto, da malamanmu na harshe da suka sa baki a wannan magana. Makonni biyu ke nan ina rubuta ƙa'idojin wata 'yar ƙaramar gasar hotuna da muke shirin yi tsakaninmu ta intanet, kuma aikin yana tafiya daidai har na iso layin da ke yi wa masu shiga alkawarin cewa, ko sun ci ko ba su ci ba, alƙalai za su mayar musu da magana a kan hotunansu. A bakinmu na yau da kullum "fidbak" muke cewa, kowa kuma yana ganewa, amma takardar da za a ajiye a riƙa komawa gare ta kowace shekara ta cancanci kalmar da mai hoto ɗan shekara 60 da bai yi boko ba zai ji ya fahimta ba tare da an yi masa tafinta ba. Na nemi shawara, an kawo mini kalmomi da dama, ga kuma inda na tsaya da dalilina.

Kalmar ta Turanci ce, kuma ba a wajen masu hoto aka haife ta ba. Injiniyoyin rediyo da lantarki ne suka fara amfani da ita kimanin shekara 100 da suka wuce, suna nufin abin da na'ura ta fitar ya sake komawa cikinta. Duk wanda ya taɓa zama wurin wa'azi ko ɗaurin aure ya ji ƙarar nan mai tsaga kunne da ke tashi idan makirufo ya matso kusa da lasifika, to ya san ma'anarta ta farko. Daga baya ne aka ara wa maganar da mutum yake samu a kan aikinsa don ta shiga cikin aikin da zai yi gaba. Wani ya fassara mini ita gaɓa-gaɓa ya ce "ciyarwa baya", na ce idan na rubuta haka Bahaushe zai tambaye ni wa ake ciyarwa, kuma da wane abinci.

Kafin a raɗa wa abu suna ya kamata a san kamanninsa, musamman da yake abin da muke magana a kansa ba ya samuwa a ko'ina. Manyan gasanni hukunci kawai suke yankewa. Gasar World Press Photo, wadda aka fara a ƙasar Holan a 1955, ta karɓi hotuna kusan 98,000 a shekarar 2015 kaɗai, gasar Wiki Loves Monuments ta 2011 kuwa ta tara sama da 168,000, har ta shiga kundin Guinness a matsayin gasar hotuna mafi girma. Babu alƙalan da za su iya rubuta wa kowane hoto ko da layi ɗaya a irin wannan taro. Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014 da taken abinci, kuma masu hoto Hausawa suke shiga, ita ma zaɓe ake yi a sanar da waɗanda suka ci. Inda mutum ya fi samun magana shi ne wurare irin su LensCulture, wani shafin masu hoto na intanet, da suke ba da rubutaccen bayani ga wanda ya biya kuɗi, ko sashen tantance hotuna masu inganci na Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da shi, inda mai dubawa yakan faɗi dalilinsa idan ya ƙi hoto: ya karkace, ko ya yi dishi-dishi, ko haske ya cinye wani gefe.

Ni kaina magana biyu na samu da har yau ba su bar ni ba. Ta farko a kan hoton da na ɗauka ne a karofin Ƙofar Mata a Kano. Na hau wani tudu don in kama ramukan rinin gaba ɗaya, jere, da ruwan baba baƙi ƙirin a cikinsu, da marina biyu can nesa kamar ƙudaje. Na ji daɗin hoton ƙwarai, domin duk wanda ya san wurin zai gane shi da kallo ɗaya. Alƙaliyar da ta duba shi ta rubuta layi uku, abin da ta ce kuwa shi ne ta ga inda ake aikin amma ba ta ga aikin ba, kuma a ƙasan hoton ta hannun dama akwai hannun wani marini da ya yi shuɗi har wuyan hannu, wanda na datse rabinsa, alhali nan ne idonta ya tsaya yana neman ragowar. Na buɗe hoton na zuƙo wurin, sai ga hannun kamar yadda ta faɗa, yatsu huɗu da rabin tafi, shuni ya shiga har cikin farce. Na yi wata uku da hoton ban taɓa lura da shi ba. Ranar Asabar da ta biyo baya na koma karofin, na gaida dattijon da ke bakin ramin, na nemi izini, na tsuguna kusa da shi har ruwan yana fantsamo wa kyamarata.

Ta biyu ta fi gajarta, kuma ta fi zafi. Hoton wani mahayi ne a hawan Sallah, doki ya sha kwalliya, rawani ya zauna. Alƙalin ya ce in dubi sandar lantarkin da ta tsiro daga tsakiyar rawanin, sannan ya ce rana tana tsaka lokacin da na ɗauka, shi ya sa inuwar rawanin ta rufe idanun mutumin, aka bar mu da doki mai fuska da mahayi marar fuska. Taku biyu zuwa hagu da sun kawar da sandar. Tun daga ranar nake duba bayan mutum kafin in dubi fuskarsa.

Akwai ta uku da nake tunawa don rashin amfaninta: wata gasa da na biya kuɗin shiga ta aiko mini da maki shida cikin goma da kalma ɗaya mai nufin hoton ya yi kyau. Ban san me ya ba ni shidan ba, ban san me ya hana ni huɗun ba.

Abin da biyun farko suka haɗa, wanda ta ukun ta rasa, shi ne sun ɗora yatsa a kan wani wuri takamaimai a cikin hoton, sun faɗi abin da wurin ya yi wa idon mai kallo, sannan sun bar mini abin da zan yi idan na sake ɗaukar kyamara. Da wannan ma'aunin na auna kalmomin da aka kawo.

"Ra'ayi" da "martani" ba su daɗe a hannuna ba. Ra'ayi kowa yana da shi, har wanda bai buɗe hoton ba, kuma ba a tambayar mai ra'ayi hujja. Martani kuwa 'yar'uwarmu ta Damagaram ce ta kawo, bisa hujjar cewa masu Faransanci suna amfani da kalmar da ke nufin komowa, ita ma ta Turancin komowar take nufi. Hajiya, hujjarki tana da ƙarfi ta fuskar asali, sai dai a kunnen mai sauraron rediyo martani na 'yan siyasa ne: an yi zargi, an mayar da martani. Idan na rubuta cewa alƙalai za su mayar wa masu shiga martani, za a zaci gardama ake shirin yi. "Suka" ma haka, domin rabin abin kawai ta ɗauka, rabin da ke huda, alhali alƙaliyar karofi yabon hannun nan ta yi kafin ta nuna mini na datse shi. "Nasiha" ta halin mutum ce da addininsa, ba za a yi wa mutum nasiha a kan sandar lantarki ba.

"Gyara" ce kalmar da mafi yawanku suka zaɓa, ni ma da ita na kwana biyu, saboda tana da daɗin baki kuma karin magana yana bayanta: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A makarantar allo ma malam duba allo yake ya gyara, ɗalibi ya gode. Amma a sana'armu kalmar ta riga ta sami wani aiki. Idan mai hoto ya ce an yi wa hotonsa gyara, kowa zai fahimci cewa an shigar da shi kwamfuta ko waya an ƙara haske, an goge tabo, an sauya kala, wataƙila ma an cire sandar lantarkin nan tawa da Photoshop. A gasa kuwa wannan ba ƙaramar magana ba ce. A waccan shekara ta 2015, World Press Photo ta kori kimanin kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe, bayan an gwada su da ainihin abin da kyamara ta ɗauka aka ga an ƙara ko an rage wani abu. Takardar ƙa'idojinmu tana da sashe guda da ya iyakance irin gyaran da aka yarda da shi. Ba zai yiwu shafi na biyu ya ce an hana gyara, shafi na uku ya ce alƙalai za su yi wa kowane hoto gyara ba. Wannan cikas ɗin ne ya fitar da "nuni" ita ma, duk da cewa ta dace da ɗora yatsan da na ambata, domin nunin hotuna a wajenmu shi ne a rataye su jama'a su zo kallo.

Malaminmu na jami'a ya kawo "tarke", kalmar da masu nazarin adabi suke amfani da ita wajen warware waƙa ko labari a ga yadda aka ƙulla shi. Allah ya gafarta Malam, na karɓa, amma na ajiye ta don wani aiki dabam. Tarke aiki ne mai tsawo da ke bin abu daga kai har wutsiya, ya dace da shafi biyu ko uku da masani zai rubuta a kan jerin hotunan mutum guda. Layi ukun da aka rubuta mini ba su kai tarke ba, kuma idan muka yi wa mutum 200 alkawarin tarke, alƙalanmu uku za su gudu. "Sharhi" ta fi kusa, sai dai fuskarta tana kallon jama'a: sharhi bayan labarai, sharhin wasan ƙwallo, sharhin da malami yake yi wa littafi don masu karatu su gane. Mai sharhi yana bayyana wa na uku abin da wani ya yi. Abin da muke nema kuwa magana ce da ake faɗa wa mai aikin shi kansa.

Sai "tsokaci", kuma a kanta na tsaya. Idan Bahaushe ya ce zai yi tsokaci a kan magana, an san ba zai zagaye ta duka ba, zai taɓo wani wuri ne da ya ja hankalinsa, ya faɗi abin da ya gani a taƙaice, ya koma ya zauna. Ba ta karkata ga yabo ba, ba ta karkata ga kushe ba, tana ɗaukar kowanne. Tana tafiya da "a kan", wanda ke tilasta wa mai magana ya faɗi wurin: tsokaci a kan haske, tsokaci a kan inda aka datse, tsokaci a kan bayan mutum. Kuma ba ta taka sawun wata kalma a sana'ar hoto ba, ba kamar gyara da nuni ba.

Na san rauninta, kuma wani ƙanena ya riga ya faɗa mini shi ba tare da kara ba: tsokaci ba dole ne ya amfani mai hoto ba, wanda ya rubuta "ya yi kyau" shi ma zai iya cewa ya yi tsokaci. Gaskiya ne, ƙanena, amma ita kanta kalmar Turancin tana da wannan rauni, waɗanda suka aiko mini da maki shida ai da wannan sunan suka kira abin da suka aiko. Ya kawo "tsokacin gyara" don toshe ɓarakar, sai dai hakan ya dawo mana da gyaran da muka kora ta ƙofar baya. Na ga ya fi sauƙi a bar kalmar ita kaɗai, a ɗora nauyin a kan ƙa'ida, wato a rubuta abin da dole tsokacin alƙali ya ƙunsa. Inda ake buƙatar bambantawa, sai a jingina ta da mai yin ta: tsokacin alƙalai dabam, tsokacin 'yan kallo dabam. Maki da matsayi kuwa su ne "hukunci", kada a gauraya su da tsokaci. Idan suka yi yawa a ce "tsokace-tsokace", ko da yake a rubutu na ga tilon ya wadatar a mafi yawan wurare.

Na gwada ta a baki kafin in sa ta a takarda. "Ka sami tsokacin alƙalai kuwa?" ta zauna. "Tsokacin da aka yi mini a kan hoton karofi ne ya mayar da ni Ƙofar Mata" ita ma ta zauna. Na karanta wa wani dattijo mai shagon hoto, wanda ya yi zamanin wankin hoto a ɗaki mai duhu, bai tambaye ni ma'anarta ba, tambayarsa ita ce ko alƙalan sun iya aikin.

Ga layin kamar yadda ya shiga ƙa'idojin: "Duk wanda ya shiga gasar, ko ya ci ko bai ci ba, zai sami tsokacin alƙalai a rubuce a kan hoto ɗaya daga cikin waɗanda ya aiko. Dole tsokacin ya ambaci wani wuri takamaimai a cikin hoton, ya faɗi abin da wurin ya ƙara masa ko ya rage masa, ya kuma nuna abin da mai hoton zai gwada nan gaba. Za a aika hukunci dabam, tsokaci dabam."