Ajiyar hatsi don riba: kasuwanci ne, ko abin da Karin Magana 11:26 ta la'anta?

Sabon ɗan kasuwa:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Na tara ɗan jari, ina so in sayi masara da wake a Saminaka da kaka, in ajiye sai damina in fitar. Da na faɗa a taron zumunta, wani ɗan'uwa ya buɗe mini Karin Magana 11:26, inda aka ce mai ɓoye hatsi jama'a za su la'anta shi. Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Ajiyar hatsi zunubi ce? In ba zunubi ba ce, ina iyakarta? Sannan zakka, daga kuɗin ciniki gaba ɗaya ake cirewa ko daga riba?

Dattijo:

Ɗana, a ƙarasa karanta ayar. Rabinta na biyu ya ce albarka tana kan wanda ya sayar. Ashe ba sayar da hatsi aka la'anta ba, riƙe shi a hana masu yunwa ne. A Farawa 41 Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar shekara bakwai, da yunwa ta zo ya buɗe rumbuna ya sayar. Da kaka hatsi yana cika kasuwa, manomi yana neman kuɗin makaranta da na biyan bashin taki. In babu mai saye ya ajiye, da damina ba a samu na ci ba. Mai ajiya yana yin aiki, ya kuma cancanci ladan aikinsa.

Iyakar ita ce wannan: kafin ka sayi buhu ko ɗaya, rubuta watan da za ka fitar da kuma ribar da ta ishe ka a kan kowane buhu. In lokacin ya yi, ka buɗe sito. Wanda farashi ya kai inda ya yanka, maƙwabtansa suna auna kwano guda da ƙyar, shi kuwa ya ƙara kwaɗo a ƙofa yana jiran wata mai zuwa, ko ya haɗa baki da manyan 'yan kasuwa a janye kaya don farashi ya haura, shi ayar take nufi.

Amma ni a ganina inda 'yan'uwa suka fi faɗuwa a wannan sana'a ba ajiya ba ce, mudu ne. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana mutum riƙe ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Haka ake yi a kasuwannin ƙauye: a sayi na manomi da tiya mai faɗin baki, a tara mata tozo har da tallabe da hannu, a zo gari a sayar da wadda aka buge wa gindi ciki. Amos 8:5-6 ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya, rage mudu, ƙara farashi, algus a sikeli, har da sayar da sharar alkama. Sharar nan ita ce ƙaiƙayi da tsakuwa da ake zubawa a tsakiyar buhu, a rufe sama da mai kyau. Ka sayi tiya ɗaya, ka yi mata alama da fenti, da ita za ka saya, da ita za ka sayar. In da hali, sayi sikeli, ka riƙa gwada shi da abin da ka san nauyinsa.

Kuma kada ka ci bashi mai ruwa ka zuba a hatsi kana cewa ai farashi ba ya faɗuwa. Da yawa da suka ajiye a kakar 2024 sun sayar ƙasa da yadda suka saya a 2025. Yakubu 4:13-15 da 'yan kasuwa yake magana kai tsaye.

Mama mai wake:

Baba Dattijo ya gama magana kan ayar. Ni zan ƙara abin da ba a cika faɗa a bagade ba: yadda ka adana hatsin ma batun tsoron Allah ne, don cikin 'ya'yan mutane zai shiga.

Ɗana, masarar farkon kaka ba ta gama bushewa ba. In ka ɗure ta haka, za ta yi zafi a buhu, ta yi fumfuna, fumfunar nan kuma tana haifar da guba mai lalata hanta wadda dafuwa ba ta kashewa. Kafin ka biya kuɗi, sa hannu har tsakiyar buhu, ba baki kaɗai ba. Ciji ƙwaya, busasshiya fashewa take yi da ƙara, mai danshi kuwa lotsawa take. Gwajin da ya fi tabbas: sami busasshiyar kwalba, zuba masara kamar sulusinta, ƙara cokali biyu ko uku na gishiri busasshe, rufe, girgiza sosai, ajiye kamar minti 15 ka sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a koma shanya. A kan tamfol za a shanya, ba a ƙasa ba.

Wake kuwa da ƙwaronsa yake zuwa tun daga gona, ko ba ka gan shi ba ƙwansa yana jiki. Nan ne shaidar mutane da yawa take lalacewa, don sai su yayyafa Sniper ko wani maganin feshin gona a kan abin da za a ci. Ragowar irin wannan maganin ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Abin da Bature ya ƙi, mu muke dafa wa yaranmu. Mai bi ba shi da hannu a wannan.

Hanya mai tsabta ita ce buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Ka duba kowace leda tukuna, ka hura mata iska ka gani ko tana yoyo. Zuba hatsi, matse iskar da ta rage, murɗa bakin ledar ciki ka lanƙwasa ka ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan na waje. Ɗauri uku ke nan daban-daban. Iska ce ke ƙarewa ƙwaron ya mutu, don haka duk ranar da ka buɗe don leƙe, ka mai da aikin baya. Ɗora buhunan a kan katako, kada su jingina da bango, ka toshe ramin ɓera, huda ɗaya ta isa ta ɓata buhu. Ƙwayar hayaƙin nan ta Phostoxin da ake sawa don kashe ƙwarin hatsi kuma, ko kusa kada a sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ya haɗa bango da shi. Tana kisa.

Akawu:

Kan zakka, ɗan'uwa, ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya ba, ka ji ta bakin fastonka. Amma Maimaitawar Shari'a 14:22 tana maganar amfanin da gona ta bayar kowace shekara ne, wato ƙaruwa. A kasuwanci ƙaruwa ita ce riba. Ga misali, alƙaluman na koyarwa ne kawai:

Buhu 20 a kan naira 40,000, ya kama 800,000. Kuɗin mota 30,000, dako da la'ada 20,000, buhunan ajiya 60,000, hayar sito 40,000. Jimilla 950,000. Ka sayar a kan 55,000, ka karɓi 1,100,000. Riba 150,000, zakka 15,000. In kuwa kasuwa ta tsaya a 50,000, ribarka 50,000 ce kacal. Ka cire kashi goma daga ciniki gaba ɗaya, 100,000 ke nan, ka cinye ribar ka kuma gutsure jari da 50,000. Shekara kaɗan a haka, babu jari babu zakka. Wanda zuciyarsa ta motsa ya ba da fiye da haka, baiko ne, Allah ya sa albarka, amma ya san abin da yake bayarwa.

Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai da littafi. Luka 14:28 ya ce mai gina hasumiya ya fara zama ya ƙirga abin da za ta ci. Rubuta komai a ranar da ya fita, har kuɗin zare da rasit na kasuwa. Kwanon da aka ɗiba don tuwon gida ma a rubuta shi a farashin ranar. Aljihun kasuwa daban, na gida daban.

Abin da ba ka tambaya ba amma yana tafe: da zarar an ji kana da sito, masu "ɗan'uwa a taimaka da buhu ɗaya zuwa ƙarshen wata" za su yi layi. Raba abu biyu tun yanzu. Ware abin da za ka iya bayarwa kyauta, ko tiya goma ce, ka ba gwauruwa da maraya ba ka jiran komai, kamar yadda Luka 6:35 ya koyar. Sauran kuwa kaya ne. In za ka ba da bashi, a rubuta adadi da ranar biya, a sa hannu gaban shaida ɗaya, ko da mawaƙin majami'a ne ko dattijon ikilisiya. Rashin rubutu ne ke sa mutum biyu su daina gaisawa a ƙofar majami'a. Kuma kada ka tsaya wa kowa lamuni a kan kuɗin da ba za ka iya biya ba, Karin Magana 22:26-27 ta ce har gadon da kake kwance a kai za a janye.

Dattijo:

Akawu, na yarda da lissafinka, sai dai a kiyaye, kada "kuɗin da aka kashe" ya yi ta kumbura har riba ta ɓace a takarda alhali tana aljihu. Abu ɗaya kuma, ɗana: 'yan dako. A yi ciniki da su kafin su ɗaga buhu, nawa ne kowane ɗaya, lodi da saukewa. A biya su a ranar kafin rana ta faɗi, haka Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta umarta, don da kuɗin nan za su sayi abincin dare. Ka tanadi canji tun da safe, kada ka ce musu sai gobe don ba ka da ƙananan kuɗi ko intanet ta hana tura kuɗi.