Shin malamai maza ne ke hana 'yan mata zama a kwaleji?

Uwar 'yan mata, Tasawa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana cina. Jiya na je kwalejin garinmu, wato ƙaramar sakandare, karɓo sakamakon 'yata, na leƙa ɗakin malamai, maza zalla. Lokacin da su 'yata suka shiga sizyam, ajin farko na kwaleji, 'yan matan ajinsu sun haura ashirin, yau a ajin BEPC, jarrabawar gama kwaleji, saura shida. Ni dai na ce muddin maza ne suka cika kwaleji da lise, wato babbar sakandare, 'ya'yanmu mata ba za su zauna ba. Yarinya al'ada ta zo mata ana tsakiyar darasi, wa za ta ɗaga hannu ta gaya wa?

Malamin lissafi, ƙauyen Dakwaro: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganarki ta taɓa ni, don ni ne mushen, wato malami namiji, da kike nufi. Shekara tara ina koyarwa a kan kwantiragi. Ajina na zana ne, in iska ta taso sai na dafe allo da hannu ɗaya ina rubutu da ɗayan. Yara tamanin da bakwai, takardunsu da fitilar waya nake dubawa. Albashi yakan yi jinkiri har mai shago ya daina amsa gaisuwata da fara'a. Ban ƙwace wa wata mace wannan wurin ba, Hajiya. An turo mana madam biyu a shekarun nan, ba wadda ta cika wata uku. Ba ruwa a kusa, ba ɗakin haya mai ƙofa, likita sai an yi tafiyar awa biyu a amalanke.

Uwar 'yan mata, Tasawa: Allah ya saka maka, Malam, ban raina wahalarka ba. Amma wahalarka ba ta amsa tambayata ba.

Tsohon darakta, Maraɗi: 'Yata, bari in ja ki baya kaɗan. Kafin mace ta tsaya gaban ajin kwaleji sai ta yi shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji, uku a lise, ta ci Bak, jarrabawar gama lise, ta wuce jami'a, da yawa ta ENS, makarantar horar da malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Shekara goma sha uku kafin ma a zo maganar jami'a. To UNICEF ta ce kashi 76 cikin ɗari na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Daga ina madam ɗin za ta fito? Ɗakin malaman da kika leƙa, 'yan matan da aka cire shekara goma sha biyar da suka wuce ne babu a cikinsa. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara mata ba su wuce kusan ɗaya cikin uku na malaman sakandare ba, a Chadi ma abin ya fi namu tsanani.

Malamar Faransanci, Damagaram: Baba, da girmanka, lissafinka daidai ne amma ka tsallake wurin da ke ciwo. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, kuma abin da yara mata ke zuwa su raɗa mini bayan an tashi ba za su taɓa faɗa wa namiji ba. Akwai mushen da ke cewa yarinya ta kawo masa littafinta gida da yamma. Akwai wanda ke riƙe maki sai an yi masa murmushi. Ba su da yawa, na rantse, amma ɗaya ya isa. Uba ɗaya ya ji labari a majalisa, kafin mako ya zagayo gida biyar sun cire 'ya'yansu. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, in aka kama irin wannan, sau da yawa canja masa gari kawai ake yi, ya je ya tarar da wasu yaran. An sa hannu kan dokar kare 'yan mata 'yan makaranta tun Disamban 2017. Malam na Dakwaro, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin abokin aikinka yana haka ka kai ƙararsa?

Malamin lissafi, ƙauyen Dakwaro: Na gani sau ɗaya, Madam. Na ja shi gefe na yi masa faɗa, ban kai gaba ba. Na ji tsoron a ce ɗan kwantiragi ya tona asirin mai lamba, cikakken ma'aikacin gwamnati. Har yau in na tuna yarinyar sai in kasa barci, don ba ta dawo bayan hutu ba.

Ɗalibi a jami'a, Kano: Ni abin da nake tsoro shi ne kada a ƙara korar mazan da suka rage. Abokaina da suka karanta lissafi da kimiyya ba mai son alli, gara su sayar da waya a kasuwa. UNESCO ta ce nan da 2030 yankinmu na kudu da Sahara na bukatar ƙarin malamai miliyan 15. In aka ce kowane malami abin zargi ne, wa zai shiga aji?

Malamar Faransanci, Damagaram: Ƙanena, ba wanda ya ce kowane. Mai gaskiya ba ya tsoron a sa ido.

Tsohon darakta, Maraɗi: Wani abu kuma da na gani da idona: nisa ya fi mushe cin 'yan mata. Kwaleji na garin kwamin, wato hedkwatar ƙaramar hukuma, yarinya na ƙauye mai nisan kilomita goma sha biyar. Sai a ajiye ta gidan wani ɗan uwa, ta zama mai ɗebo ruwa da daka, ta zo aji tana gyangyaɗi. Shi ya sa aka buɗe makwancin 'yan mata na Kelle a jihar Damagaram a 2021, zamanin shugaban ƙasa Bazoum, wanda shi kansa malamin falsafa ne a lise kafin siyasa. Inda aka sami ɗakin kwana da abinci da dattijuwa mai lura, iyaye na sakin jiki ko da malaman maza ne.

Uwar 'yan mata, Tasawa: Baba, na yarda da maganar nisa, don biyu daga cikin ƙawayen 'yata haka suka bari. Amma ban janye tawa ba. Ba zan jira shekara goma sha biyar a haifo mana madam ba. Ranar taron iyaye zan nemi a sa mata biyu daga ƙungiyar uwaye su riƙa zama a makaranta ranar Litinin da Alhamis, yarinya ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Madam, in na kira ki za ki gaya mini yadda kuka tsara naku?

Malamar Faransanci, Damagaram: Kira ni bayan la'asar, Yaya. Ki fara da neman makewayi na mata daban mai sakata, da bokiti da sabulu a ciki. Malam na Dakwaro, kai ma ka shigo kiran, akwai lambar sufeto da zan ba ka.