Ranar da aka tambaye ka dalilin bangaskiyarka, daga ina ƙarfin ya zo?

Malamar firamare, ƙasar Argungu

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Ni 'yar Zuru ce, aiki ya kawo ni nan, kuma ni kaɗai ce mai bi a cikin malaman makarantarmu. Suna mutunta ni, ba ni da kuka da kowa. Ranar Laraba da yara suka fita tara, muna zaune ƙarƙashin dogon yaro, sai abokiyar aikina da muke cin abinci kwano ɗaya ta ce, "Malama, wai mi kuke nufi in kun ce Yesu ya mutu dominku?" Ba da faɗa ta tambaya ba, so take ta sani. Bakina ya mutu. Na ce mata sai wani lokaci, na koma ɗaki na yi kuka.

Tun ina yarinya na haddace Ayyukan Manzanni 1:8, inda Ubangiji ya yi alkawarin iko in Ruhu Mai Tsarki ya sauko, domin mu zama shaidunsa. To ran nan ina ikon ya shiga? Wanda ya taɓa tsayawa inda na tsaya, don Allah ya faɗa mini yadda tasa ta kasance.

Tela a Gusau

'Yar'uwa, ina Gusau tun kafin a fara aiki da shari'a a Janairun 2000. Lokacin wasu 'yan ikilisiyarmu sun tattara sun koma gida, ni na zauna kan kekena. Amma abin da ya rufe mini baki shekaru ba tsoro ba ne, ƙarya ce. Duk gabanin Salla sai in karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfina, kowa ya zo in ce "gobe". Da wane baki mai cewa gobe zai yi maganar Yesu?

Wata shekara na durƙusa na roƙi abu guda, Ruhu ya kama harshena. Daga nan in littafina ya cika, sai in ce wa mutum ba zan iya ba, ya kai gaba. Sallar farko na ji a jikina, kuɗin makarantar yara sai da na ranta. Bayan kamar shekara uku wani Alhaji da nake wa manyan riguna ya ce, "Kai wane irin tela ne da ke korar kuɗi?" Na ce masa wanda nake bi ya ce i namu ya zama i, a'a ya zama a'a, kuma da ƙarfina na kasa, shi ya taimake ni. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Har yau ni ke masa ɗinki, in ɗansa ba lafiya yakan ce in sa shi a addu'a.

Mama, Zumuntar Mata, Zuru (jikarta ce ke rubuta mata)

Ɗiyata, share hawayenki. Ni daga wani ƙauye nake a Danko-Wasagu. A 2021, shekarar da aka kwashe ɗalibai a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, 'yan bindiga suka shigo mana da asuba. Suka tafi da shanun noma, suka tafi da ɗana na biyu. Muka baro dawa a gona ba mu girbe ba, muka taho Zuru da zanen jikinmu.

Shekara talatin ina jagorar addu'a a zumunta, amma a makonnin nan ko "Ubanmu wanda ke cikin sama" na kasa kaiwa ƙarshe. In na zo wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi sai maƙogwarona ya toshe. Matan zumunta suka riƙa zuwa da yamma, ba su yi mini dogon wa'azi ba, sai su buɗe Littafin Waƙoƙi su yi ta rerawa ni ina kwance. Wata a cikinsu ta karanta mini Romawa 8:26, cewa in mun rasa yadda za mu yi addu'a, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki. Na ce to, nishi kam ina da shi, shi na riƙa kai wa Allah.

A gidan da muka sauka akwai wata Musulma daga ƙauyen da ke kusa da namu, ita mijinta aka kashe. Tabarma ɗaya muke zama muna tsince shinkafa. Rannan ta ce, "Ke ban taɓa jin kin tsine musu ba." Na ce mata ina so in tsine, akwai dai wanda ke riƙe mini baki, Yesu, shi da suna kashe shi yake roƙa musu gafara. Ta yi shiru, muka yi kuka tare. Ban shirya wannan magana ba, ɗiyata, ban ma san tana cikina ba. Ɗana ya dawo bayan wata biyu, sai da muka sayar da abin da ya rage. Ƙafarsa har yau ba ta koma daidai ba.

Ɗalibi, Birnin Kebbi

Mama, Allah ya ƙara miki ƙarfi. Tawa ba ta yi kyau ba, amma zan faɗa. Na yi azumin kwana uku, na je addu'ar kwana, na fito jikina na rawa ina jin ba wanda zai tsaya gabana. Kashegari abokin ɗakina ya yi mini irin tambayar da aka yi wa Malama. Ni ban yi shiru ba, na yi ta zuba har na taɓa abin da yake girmamawa. Shekara guda ke nan gaisuwa kawai ke tsakaninmu. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma ya daina tambayata komai. Abin da na ji a daren nan na ɗauka shi ne ikon. Yanzu in na karanta Galatiyawa 5:22-23 na ga tawali'u da kamunkai a cikin 'ya'yan Ruhu, sai jikina ya yi sanyi.

Mai bishara mai ritaya, Yauri

Malama, Bitrus almajirin Yesu ma, daren da aka kama Yesu, wata baranya ce ta tambaye shi a bakin wuta, ya ce bai san mutumin ba. Kwana hamsin da 'yan kai bayan haka, ranar Fentikos da Ruhu Mai Tsarki ya sauko, shi ne ya miƙe ya yi wa'azi a Urushalima, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya. Tsakanin nan abin da masu bi suka yi shi ne zama tare suna addu'a, su wajen 120. Kada ki zauna ke kaɗai da wannan abu.

Sai in tambaye ki: da wane harshe kika haddace ayoyinki? Farkon aikina wani masunci ya tambaye ni a cikin kwalekwale muna ƙetare Kwara, mene ne fansa. Amsar tana kaina da Turancin makaranta, na rasa ta da Hausa har muka kai gaɓa. Alhali Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932. Daga ranar na fara karanta Bisharar Yahaya da Hausa kowace safiya, da murya, don kunnena ya ji. Yahaya 14:26 ta ce Ruhu zai tuna mana abin da Ubangiji ya faɗa, ai kuwa abin da ka taɓa ji ake tuna maka.

Ɗana na Birnin Kebbi, karanta 1 Bitrus 3:15 da ayar da ke bin ta, inda aka ce mu ba mai tambaya amsa cikin tawali'u da girmamawa. Ka ci gaba da gaishe shi.

Malamar firamare, ƙasar Argungu

Baba, ka faɗi gaskiya, da Turanci na haddace su duka. Na nemo Littafi Mai Tsarki na Hausa a ƙasan akwatina, kuma matar fastonmu ta yi addu'a da ni ta waya daren Lahadi. Ranar Litinin na ce wa abokiyata na ji kunyar yadda na gudu daga tambayarta. Muryata na rawa na faɗa mata cewa mun gaskata bashin zunubinmu ne ya biya da ransa, ya kuma tashi a rana ta uku. Ta ce su a wurinsu ba a gicciye Annabi Isa ba. Na ce na san haka suka gaskata. Muka ci ɗanwakenmu, aka buga ƙararrawa.

Da za mu shiga aji ta ce, to in an riga an biya, mi zai hana mutum ya yi ta saɓo? Na ce ta ba ni zuwa Juma'a. Baba, wace sura zan fara karantawa?